Sun Ce Aure Zan Ƙara

Litinin, bayan la'asar

Na dawo daga Sakkwato. Kayan shago sun iso lafiya, sarƙoƙin babur da fulogi da tayoyi, na jera kowanne inda ya saba zama. Matata Na'ima ta tambaye ni hanya, na ce lafiya. Ta tambayi abin da ya sa na daɗe, na ce motar ce ta lalace a Gwadabawa. Motar ba ta lalace ba.

Ba sarin kaya kaɗai ya kai ni ba. Makon jiya na shiga wani asibiti a can, na bar musu abin da suka ce in bari a cikin 'yar kwalba. Yau na koma jin sakamako. Shekara tara da aurenmu, babu haihuwa, sai ɓari ɗaya tun da fari. An auna Na'ima a nan Illela, an auna ta a Ƙonni, ko'ina sai a ce lafiyarta ƙalau, a zo da maigidan. Maigidan bai taɓa zuwa ba sai yanzu, shi ma a ɓoye.

Likitan ya dubi leɓena da yatsuna kafin ya ce komai. Ya ce tun yaushe nake shan taba. Na ce tun ina aji uku a sakandare.

Zan rubuta abin da ya faɗa sau ɗaya, don kada gobe in sauya shi a kaina. Ya ce ƙwayoyin haihuwar da ke cikin ruwan namiji, nawa sun yi kaɗan. Waɗanda ke akwai ma, da yawansu ba sa tafiya yadda ya kamata, wasu siffarsu ta lalace. Ya ce taba tana yin haka, tana kuma ƙuntata jijiyoyin jini har da na wurin da ba zan ambata ba. Ya tambaye ni ko ina ganin rauni a shimfiɗa. Na ce gajiya ce. Ya ce to.

Ya ce in bari gaba ɗaya, in dawo bayan wata uku, don kusan haka jiki yake ɗauka kafin ya yi sababbi. Ya ce bai yi mini alkawarin komai ba. Ya ce in zo da ita, hayaƙin da nake busawa a ɗaki ita ma yana taɓa ta.

Talata, da hantsi

Ban sha ba.

Talata, bayan magariba

Ban sha ba. Kaina kamar an ɗaure shi da igiya. Na yi wa wani mai saye tsawa a kan ya taɓa madubin babur bai saya ba.

Laraba, bayan azahar

Sahabi ɗan acaba ya zo canza birki kafin ya kwashi 'yan kasuwar Ƙonni. Tare muka yi makaranta da shi, kuma a hannunsa na fara jan taba. Ya kunna, ya miƙo mini kamar kullum ba tare da ya ko dube ni ba. Na ce na gode.

Ya ce, "Ka gode mi?"

Na ce na bari.

"Ka bar mi?"

"Taba."

Ya yi dariya har ya dafa kan babur. Ya ƙwala wa Boyi mai shayi kira: "Boyi, zaka ka ji! Lawwali ya tuba!" Sannan ya matso ya shinshini rigata, ya ga asuwaki a aljihuna, ya ga ina tauna kanumfari. Sai ya rage murya. "Hwaɗi mini gaskiya, ɗiyar wa ta? Namiji mai shekara arba'in ba ya barin taba hakanan, sai in ya ga wadda ba ta son wari."

Na ce ba haka ba ne. Ban faɗa da ƙarfi ba.

Sahabi ya fi ni sha nesa ba kusa ba, ga 'ya'ya sun cika masa gida har ba ya tuna wanda ya riga wani. Tun da ya tafi nake juya wannan. Ko dai likitan ya yi kuskure? Ko an musanya kwalba? Amma da kaina na ga an rubuta sunana a jikinta.

Alhamis, da safe

Tari. Wani baƙin abu yake fitowa. Na kai duk rigunana wurin mai wanki, don ko na buɗe akwati warin ne yake kirana.

Juma'a, bayan masallaci

Ranar hayaƙi ce. Wata Bafillatana daga Tozai, Mero, ita ke kawo wa Inna saiwoyi da ɓawon itace. Inna ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa, Na'ima ta tsuguna a kai, a rufe ta da zane har ka. An fi shekara ana haka. Kafin wannan rubutu ne, kafin rubutu wani jiƙo mai ɗaci da ya riƙa sa ta amai.

Ni ɗan farin Inna ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana ido da ido. In tana son in ji wani abu sai ta faɗa wa Na'ima ina tsaye. Yau ta ce, "Ki daure, ɗiyar nan. Wanga mutum ya yi miki haƙuri da yawa."

A da, in an fara, sai in zagaya bayan katanga in kunna tawa har a gama. Yau ba ni da abin zagayawa in yi. Na zauna a zaure ina jin tarinta ta cikin zane. Ban san tana daɗewa haka ba.

Na so in tashi. Ban tashi ba.

Lahadi, bayan la'asar

Kasuwa ta ci. Shanu, raƙuma, manyan motoci, zafi kamar a tanderu. Na yi ciniki.

Na gano lokutan da abin ya fi kama ni: bayan shayin safe, bayan cin abinci, sai kuma da la'asar idan direbobi sun taru a bencin Boyi. Na farko na daina shayin. Na biyu ina wanke baki nan take. Na ukun shi ne mai wuya, don haka nake rufe shago in bi hanyar ƙauyen Garu da ƙafa har sai abin ya sake ni, in juyo.

Talata, da yamma

Ashe ana kallona. Ina wucewa Boyi ya ɗaga ludayi ya ce, "Ango, ka sha ƙamshi! Ashe 'yar Garu ta!" Benci duka ya ɗauka. Wani ya ce sau biyu aka gan ni a motar Sakkwato da wankakkiyar riga, lefe nake haɗawa. Wani ya ce dama ya kamata tun tuni.

Ga abin da ya dame ni. Na ji daɗi. Mutumin da ake cewa zai ƙara aure, ba a zarginsa da komai. Na yi murmushi na wuce, na bar su da abinsu.

Laraba, da asuba

Barci rabi da rabi. Na yi mafarkin ina sha, na farka ina jin kunya kamar na yi sata.

Alhamis, bayan magariba

Maganar ta shigo gida. Inna ta yi mini fura da hannunta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta miƙa wa Na'ima ta kawo mini, tana cewa, "Allah Shi sa a yi da mu. Gida in ya cika, kowa ya huta."

Na'ima ta ajiye ƙwaryar a gabana a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɓata rai ba. Ta koma kan kekenta ta ci gaba da ɗinkin kayan sunan maƙwabta. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Malam, ka daina shan taba."

Na ce e.

"Shekara tara ina roƙonka."

Na ce lokaci ne ya yi.

Ta ce, "Awo. Lokaci." Keken ya ci gaba da ƙara.

A nan ya kamata in faɗa. Na shirya maganar tun a hanyar Garu, na san da wace kalma zan fara. Na buɗe baki sai na ce furar ta yi tsami.

Juma'a, da la'asar

An yi hayaƙi. Na tafi shago tun kafin a hura garwashi.

Asabar, da hantsi

Na auna abin ta kowane gefe. Idan na faɗa mata yanzu, me zan ba ta? Likita bai yi alkawari ba. Idan na jira wata ukun aka sake aunawa aka ga sauyi, sai in zo mata da labari mai daɗi tare da marar daɗi. Wannan ya yi kama da hankali. Amma na san kaina. Duk sanda na ce zan jira don hankali, tsoro ne ya sa riga.

Akwai kuma wannan: idan ta sani, tana da ikon ta ce ta gaji. Ita lafiyarta ƙalau, ba ta kai talatin da biyar ba. A wani gidan da yanzu tana da masu zuwa makaranta.

Litinin, bayan azahar

Ta nemi izini za ta je garinsu Gidan Katta ganin mahaifiyarta. Na ce Allah Ya kiyaye. Na tare mata mota da kaina.

Sai da na dawo ɗaki na ga ta cire kan keken ɗinkinta ta tafi da shi. Ƙafafun ne kawai a tsaye, da rami a tsakiyar katakon. Ba a ɗaukar kan keke don gaisuwar kwana biyu.

Talata, da yamma

Na sha.

Laraba, da safe

Guda ɗaya ce, ban ma ƙarasa ta ba. Bayan shago, a tsugune, kamar ɗan makaranta. Ba ta yi daɗi ba, jiri ta sa ni. Yanzu ban sani ba ko wata ukun ya koma farko. Babu wanda zan tambaya.

Alhamis, bayan magariba

Gidan shiru. Inna ba ta da wanda za ta bi ta kansa ta yi mini magana, sai ta koma yi wa randa. Tana ɗiban ruwa tana cewa, "Wadda tat tahi da ƙahwarta ta san hanyar dawowa. Kada wani ya wahal da kainai. In an yi sabon ɗaki ta dawo ta iske."

Na ci tuwon da ta tuƙa. Hannunta ya yi rauni, da gudaji a ciki.

Asabar, da la'asar

Na kira wayarta. Yayanta Bashar ne ya ɗauka. Ya gaishe ni gaisuwar da ake yi wa baƙo. Ya ce tana lafiya, tana ɗinki. Ya ce in da magana a turo manya.

In na tura Baffa biko zai tambaye ni laifin da na yi mata, don ya san haƙurin da zai bayar. Me zan ce masa?

Lahadi, bayan kasuwa

Ban sha ba. Gajiya kawai. Ko ɗaga labulen ɗakin ba na son yi.

Talata, bayan isha'i

Yau na je Gidan Katta da kaina. Sahabi ya kai ni a babur, yana ta ba ni shawara a hanya kan yadda ake lallashin uwargida. Na ce ya jira ni a bakin gari.

Bashar ya tare ni a zaure. Ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa, bai zauna kusa ba. Ya ce, "Lawwali, mu ba mu hana ka aure ba, addini ya ba ka. Ita ma ba ta ce uffan ba. Amma ƙanwata ta sha saiwa, ta sha rubutu, ƙirjinta ya ƙone da hayaƙi. In kun samu wadda za ta haihu muku, ku bar muna tamu ta huta. Ka ba ta takardarta cikin mutunci."

Na ce ina roƙon ya bar ni in gan ta. Sai ya shiga ciki.

Ta fito da zare a jikin mayafinta. Ta zauna a bakin ƙofa, ta gaishe ni.

Na ce, "Babu kowa a Garu."

Ta ce, "To a Sakkwato take."

"A Sakkwato likita na. Namiji, da sanƙo."

Ba ta yi dariya ba. Sai na faɗa mata. Ban fara da kalmar da na shirya ba, ban ma san da wadda na fara ba. Na faɗi kwalbar, na faɗi abin da aka gani, da tabar, da wata uku, da cewa babu alkawari. Ina magana ina kallon tabarma.

Ta ce, "Yaushe kaj ji wannan?"

Na gaya mata ranar.

Ta yi lissafi a ranta. Na san abin da take ƙirgawa. Ta ce, "Juma'a biyu. Ka sani, kana zaure, ina cikin zane."

Na ce e.

"Da ba ka sani ba, ban riƙe ka ba. Ni ma ban sani ba, na ɗauka ni ta. Kowace mace tag gan ni a gidan suna sai ta matsa da jaririnta. Na saba. Amma Juma'a biyun ga, Malam." Ta tsaya. "Kuma anka ce kana neman aure, kay yi shiru, don ya hi maka daɗi."

Ban taɓa gaya wa kowa haka ba. Ita ta gani da kanta.

Na ce ta dawo, mu je wurin likitan tare idan lokacin ya yi.

Ta ce za ta dawo jibi. "Amma ni ba ni hwaɗa ma Inna. Shekara tara ni ka ɗaukar maganarta in kawo maka, in ɗauki taka in kai mata. Wagga da bakinka za ka kai ta. In ba ka iyawa, hwaɗa mini yanzu, kada in yi wahalar mota."

Na ce zan iya. Ban san ko gaskiya na faɗa ba.

A hanyar dawowa Sahabi ya tsaya zai kunna taba, ya dube ni, ya mayar aljihu. Bai tambaye ni komai ba. Wataƙila fuskata ce.

Laraba, da azahar

Tun ina yaro ban taɓa yi wa Inna maganar da ta wuce gaisuwa da aike ba. Yanzu wannan ce za ta zama ta farko.

Alhamis, da yamma

Ta dawo. Jaka ɗaya.

Juma'a, bayan la'asar

Na dawo daga masallaci na tarar Inna ta riga ta hura garwashi, ƙullin Mero a gefenta, zanen rufa a kan igiya. Na'ima tana tsaye a ƙofar ɗaki. Ba ta matso ba, ba ta kuma dube ni ba.

Na cire takalmi na tsuguna daga nesa. Na ce, "Inna."

Inna ta juya wajen Na'ima. "Mi wanga mutum ka so?"

Na'ima ta kau da kai.

Na ce, "Inna, da ke nake. A kashe wutar nan. Ba ita ce ba. An auna ni a Sakkwato, daga gare ni ne. Taba ce ta yi mini lahani. Shi ya sa na bari. Babu wani aure."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Da ta yi magana, garwashin ta yi wa. "Ubanshi ya sha taba har Allah Ya amshi abinai. Ga su nan, na haihe su, sun cika gari."

Na ce na tambayi likita irin wannan, ya ce jiki da jiki ba ɗaya ba ne, wani ta kama shi a ƙirji, wani a zuciya, wani a nan. Na ce Baba ma ai tari ne ya kwantar da shi.

Ta ce, "Ba a hwaɗin irin wagga magana gaban uwa."

Na ce na sani.

Ta tashi da ƙyar, ta dafa bango, ta shige ɗakinta ta saki labule. Na ɗauki buta na zuba a kaskon. Hayaƙi ya taso ya bugi fuskata, sai ga shi raina ya biya taba. Ko a nan.

Na'ima ta sauke zanen daga igiya, ta ninke, ta shiga da shi.

Asabar, da safe

Inna ba ta fito ba. Na gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa da murya kawai. Ban sani ba ko na karya wani abu da ba zai gyaru ba.

Lahadi, bayan magariba

Na dawo daga kasuwa a gajiye. Na tarar Inna a tsakar gida tana shafa wa Na'ima man kaɗanya a ƙirji da wuya, inda zafi ya ɓata mata fata. Da ta ji shigowata ta goge hannu, ta turo wani kwano da ƙafa wajen Na'ima. Aya ce, an wanke an jiƙa.

Ta ce, "Ki ba wanga mutum. An ce mai barin abin ga, bakinai na son abin tauna."

Na'ima ta kawo mini ɗaki. Na tambaye ta kan keken, don har yanzu ƙafafun ne kawai a tsaye a lungu.

Ta ce, "Shina Gidan Katta. In mun dawo Sakkwato mu gani."

Na ce to.

Ina tauna ayar yanzu. Har yanzu ina so in sha. Ban sha ba.